Dutsen da Ke Sauya Launi: Daga Kurmin Ife Zuwa Faifan Ɗan Koli

Duk wanda ya tsaya gaban faifan ɗan koli a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe zai ga kayan da idonsa ya saba da su tun yana yaro: awarwaro, 'yan kunne, jigida, carbi, da duwatsun wuya jere a zare. Mafi yawansu roba ne ko gilashi mai araha, an ƙera su a Sin ko Indiya, sun biyo ta Legas ko Kano kafin su iso nan. A cikinsu akwai waɗanda suka fi sauran ɗaukar ido, domin in an juya su a rana sai launinsu ya gudu daga shuɗi zuwa kore, daga kore zuwa ruwan zinariya. Waɗannan kwaikwayo ne na wani gilashi mai tsada da shagunan intanet ke tallata wa masu haɗa sarƙa da masu ƙawata ɗaki, wanda ake kira daikuroyik. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta kuwa mai launi biyu.

Masu talla sukan ce fasaha ce ta zamanin kumbo, wadda ta fito daga ɗakunan binciken Amurka. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Kimanin shekara 900 da suka wuce ana dafa gilashi mai launi biyu a ƙasar da yau ake kira Nijeriya, ana kuma fataucinsa har bakin Sahara. Labarin yadda wannan sana'a ta tashi ta kuma faɗi shi ne labarin yadda masu yi suka koma masu saye, sannan masu sayen suka manta yadda ake gane na gari.

Launi a ciki, launi a bisa

Hanya biyu ce gilashi ke samun launi biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin wannan tarihi.

Ta farko, launin yana cikin jikin gilashin. Misalin da ya fi shahara shi ne Kofin Likurgus, wanda Rumawa suka ƙera a ƙarni na 4, yana kuma Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan tun 1958. In haske ya faɗa masa daga gaba, kore ne. In aka sa fitila a bayansa haske ya ratsa shi, sai ya koma ja. Sai a 1990 masana suka tabbatar da dalilin, bayan sun duba gutsurensa da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa: ƙwayoyin zinariya da azurfa ne da ido ba ya iya gani, warwatse cikin gilashin, suna mayar da wani sashe na haske suna barin wani ya wuce.

Ta biyu, launin yana bisa fuskar gilashin, kuma ita ce hanyar zamani. Ana sa farantin gilashi cikin wani akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa ƙaf, a ƙona ma'adinai irin su taitaniyam da silika har su zama tururi, tururin ya sauka kan farantin shimfiɗa bayan shimfiɗa, sau 30 zuwa 50. Kaurinsu gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Babu rini ko fenti a ciki. Haske ne ke karo da kansa tsakanin shimfiɗun, kamar yadda launuka ke bayyana a kumfar sabulu ko inda fetur ya zuba kan ruwa. Masana'antun tabarau da na kayan sararin samaniya ne suka raya wannan dabara a tsakiyar ƙarni na 20, hukumar NASA ta yi amfani da ita, daga baya masu kayan ado suka ɗauka.

Gilashin da Afirka ta Yamma ta sani tun da daɗewa irin na farko ne. Launinsa a ciki yake.

Kurmin Olokun

A 1910 wani Bajamushe mai yawon bincike, Leo Frobenius, ya isa Ile-Ife. A wani kurmi da ke arewacin garin, wanda Yarabawa ke kira Igbo Olokun, ya tarar da mutane suna haƙa ramuka suna fito da tsofaffin duwatsun ado da fasassun tukwane masu narkakken gilashi manne a cikinsu. Frobenius bai yarda baƙar fata ne suka yi wannan aiki da basirarsu ba. Ya danganta wayewar Ife da Atlantis, wata ƙasar almara da Girkawa suka ce teku ya haɗiye. Waɗanda suka biyo bayansa sun yi watsi da almarar, amma sun daɗe a kan cewa mutanen Ife gilashin waje suke samu, daga Turai ko ƙasashen Larabawa, su narka shi su mayar da shi duwatsu.

Ilimin sinadarai ne ya warware gardamar. A 1971 Claire Davison da abokan aikinta suka buga sakamakon nazarin wasu shuɗɗan duwatsu na Afirka ta Yamma masu launi biyu, waɗanda ke nuna shuɗi a tafin hannu, in an ɗaga su ga haske kuma su koma kore mai ratsin rawaya. A 2006 James Lankton da Akin Ige da Thilo Rehren suka nuna cewa gilashin Ife yana da haɗin da ba a san irinsa ba a wani wuri a duniya. Gilashin Rumawa da na ƙasashen Musulmi na wancan zamani da rairayi da kanwa ko tokar tsirrai ake dafa shi. Na Ife kuwa cike yake da sinadarin alminiyam da na alli, abin da ya dace da duwatsun da ke kewayen garin. Masana na ganin daga katantanwa aka samu allin. Shuɗin kuma daga ma'adinin kobal yake.

Tsakanin 2011 da 2012 Abidemi Babatunde Babalola, ɗan Nijeriya masanin tonon kufai, ya yi haƙa a abin da ya rage na kurmin. Ya samu duwatsun ado kusan 13,000, mafi yawansu shuɗɗa, da gutsattsarin tukwanen narka gilashi fiye da 800, da tarin tarkacen aiki. Lissafin shekaru ya nuna masana'antar ta yi tashe daga ƙarni na 11 zuwa na 15. Maƙeran suna jan narkakken gilashi ya zama dogon bututu siriri, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su sake gasa shi don bakin ya yi santsi. Wannan aiki ne na masu samar da kaya da yawa domin kasuwa.

Kasuwar kuwa ta yi nisa. An samu gilashi mai wannan haɗin a Igbo-Ukwu da ke kudu maso gabashin Nijeriya, da Kissi a arewacin Burkina Faso, da Gawo da Essuk a Mali. Wato a zamanin da ayarin raƙuma ke sauko da duwatsun Masar da na Gabas ta Tsakiya zuwa ƙasashen Sudan, akwai wasu duwatsun da ke hawa daga kurmi zuwa bakin hamada.

Gwajin wuta

Da Turawan Fotugal suka iso gaɓar tekun Gini a ƙarshen ƙarni na 15, sun tarar da waɗansu shuɗɗan duwatsu da mutanen yankin ke darajantawa ƙwarai. Duarte Pacheco Pereira, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 16, ya ambace su da sunan kori. Ya ce ana sayensu a kogunan ƙasar Bini a kai su sansanin Elmina, a Ghana ta yau, a musanya da zinariya. Masana da yawa na ganin waɗannan su ne duwatsun Ife, waɗanda Yarabawa ke kira segi.

Abin lura a nan shi ne Bature ɗan dako ne kawai a wannan ciniki. Yana ɗaukar kayan Afirka daga wata gaɓa ya kai wata gaɓar, domin masu zinariyar abin da suke so ke nan. Ba da daɗewa ba aka fara kawo jabu daga Turai. Wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal da ya rubuta labarin tafiyarsa a tsakiyar ƙarni na 16 ya bayyana yadda masu saye ke kare kansu: sukan jefa dutsen cikin wuta. Na ainihi yakan fito yadda ya shiga, na jabu kuwa ba ya jurewa. Abin da aka sani yau game da gilashin Ife ya dace da wannan labari, domin gilashi mai yawan alminiyam da alli sai da zafi mai tsanani yake narkewa.

Mai sayen wancan zamani bai san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma ya san halin kayansa, ya kuma san cewa kama da wane ba ta wane.

Bayan ƙarni na 15 masana'antar Ife ta ja baya, har aka daina dafa sabon gilashi. Abin da ya rage shi ne tono. A 1830 Richard Lander, wanda shi ne ya yi jinyar Hugh Clapperton har ya mutu a Sakkwato a 1827, ya sayi wani dunƙule a kasuwar tsohon birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga. Ƙananan duwatsu ne masu sheƙi, farare da koraye da shuɗɗa, manne da juna. Aka ce masa daga ƙasa ake haƙo shi a Ife. Cikin 'yan ƙarnuka, abin da kakanni suka dafa da hannunsu ya koma wa jikoki tamkar ma'adinin da ake tonowa.

Hanyar arewa

Ƙasar Hausa tsohuwar mai sayen duwatsun ado ce. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, akwai manyan kaburburan da aka tona a 1907 da kuma 1992. An samu duwatsun gilashi da na dutse, da wuri, da kwanonin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na nesa, duk an binne su tare da manyan mutanen da suka rayu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Harshen ma shaida ne: murjani, tsakiya, ƙarau, lantana, kowanne da sunansa da darajarsa, kuma tsohuwar da ta san kaya ba ta haɗa wannan da wancan.

Lantana ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta nuna rawar da fatake Hausawa suka taka. Jan dutse ne da ake haƙowa a yankin Kirtashi, a bakin kogin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Fatake ke kai shi kudu, maƙeran tsohon Oyo, daga baya na Ilori, su huda shi su goge shi, sannan ya watsu cikin kasuwanni. Ɗanyen kaya daga arewa, gwaninta a kudu, falke a tsakiya.

Yankin Tambuwal da Kebbe yana kan wannan hanya. Bayan jihadi, da aka raba kula da daula, sashen yamma ya faɗa hannun Abdullahi ɗan Fodiyo da zuriyarsa a Gwandu, kuma Nupe da Ilori suna ƙarƙashin wannan sashe. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna Tambuwal, yana cikin waɗanda suka jagoranci yaƙe-yaƙen wajen Nupe. Jega, maƙwabciyar Tambuwal, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular a ƙarni na 19, mahaɗar ayarin da ke zuwa Nupe da ƙasar Yarabawa da Gwanja. Kayan da ya sauka a irin wannan kasuwa 'yan koli ne ke rarraba shi cikin ƙauyuka, faifai a ka.

Sai dai a wannan ƙarnin kayan Turai sun riga sun cika kasuwa. Birnin Banis na Italiya, wanda ya tattara maƙeran gilashinsa a tsibirin Murano tun 1291, yana fitar da duwatsu iri-iri domin Afirka. Garin Gablonz na ƙasar Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, ya ƙware wajen zuba gilashi cikin ma'auni ya fito kamar murjani ko tsakiya. Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa duwatsun adon da ke shigowa birnin a shekara sun haura na wuri miliyan 50. Ya kuma lura farashinsu ya faɗi ƙwarai, har fatake na riƙe kaya don ya tashi. Dutsen da ake binne sarki da shi a Durɓi ya zama abin da kowace budurwa ke iya saya.

Masaga

A tsakiyar wannan ambaliya akwai wuri guda da ake ci gaba da dafa gilashi daga tushe, shi ne Bida. Maƙeran gilashin Nupe, waɗanda ake kira Masaga, suna da unguwarsu da shugabansu, kuma a tarihinsu na baka sun ce daga Masar kakanninsu suka fito. Gilashinsu na asali sunansa bikini. Baƙi ne, da rairayi da kanwa ake dafa shi cikin tanderun ƙasa, ana ciyar da wutar dare da rana. Kanwar daga arewa fatake ke kawo ta. Da shi suke yin ƙarau da duwatsun wuya, 'yan koli su kai su ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Abin da ya ci bikini ba yaƙi ba ne, ko da yake sojojin Kamfanin Neja sun ci Bida a 1897. Kwalba ce ta ci shi. Da kwalaben Turai suka yawaita, Masaga suka ga narka kwalba ya fi sauƙi, ya fi araha, ga launuka a shirye: kore, ruwan ƙasa, shuɗi. Lokacin da S. F. Nadel ya yi bincikensa a Nupe cikin shekarun 1930, kwalba ta riga ta zama babban abin aikinsu. Sana'ar ta rayu, har yau ana yin ta, kuma tana cikin abin da ya sa UNESCO ta sa Bida a jerin biranen fasahar hannu a 2021. Amma sanin yadda ake mayar da rairayi gilashi ya kusa bin hanyar na Ife. Sai a 2019 aka sake gwada dafa bikini, bayan shekaru masu yawa ba a yi ba.

Akwai wani juyin kuma. Daga ƙarshen shekarun 1960, matasan Amurka da Turai suka shiga sha'awar tsofaffin duwatsun Afirka. 'Yan kasuwa, Hausawa da yawa a cikinsu, suka bi ƙauyuka suna sayen na tsofaffi, suna fitar da su waje. Duwatsun Banis suka koma inda suka fito da tsada, na gida da ke gauraye da su suka bi su. Gurbin da suka bari roba ce ta cike shi.

Mai saye a yau

Wanda zai sayi gilashi mai launi biyu a yau, don haɗa sarƙa ko ƙawata bango, tambayar da ke gabansa ita ce wadda ta sa mutanen ƙarni na 16 jefa dutse a wuta: ina launin yake, kuma zai daɗe?

Na ainihi a kasuwar yanzu shafe ne a fuska guda ta gilashi, amma shafen ma'adini ne mai jure zafin tanderu. In gindinsa garau ne, launin da ake gani in an leƙa haske ta cikinsa dabam yake da wanda yake mayarwa in haske ya faɗa masa. In gindin baƙi ne, launin da yake mayarwa kaɗai ake gani, shi ya sa ya fi ƙyalli a abin wuya. Masu aikin ƙwarai sukan rufe shafen da wani gilashi garau su gasa su tare a zafin da ya kusa digiri 800, ta yadda ƙarce ko gumi ba sa isa gare shi. Jabu kuwa leda ce mai ƙyalli da aka manna ko aka zuba wa roba. Ba ta da nauyi, ba ta da sanyin gilashi in an taɓa ta a kumatu, gefenta kuma yakan fara ɓarewa.

Mai niyyar gasa shi da kansa sai ya kula da lambar da ke jikin kayan, wadda yawanci 90 ce ko 96. Tana nuna yadda gilashin ke buɗewa da tsukewa in ya ji zafi ko ya huce. In aka haɗa 90 da 96 a abu guda, zai tsage, ko da ba ranar ba. Launin ma yakan ɗan gusa bayan gashi, don haka abin da aka gani a hoto ba lalle ne shi zai fito daga tanderu ba. Tanderun kuma na lantarki ne, mai bukatar wuta ta sa'o'i ba yankewa, abin da duk mai sana'a a Kebbe ko Tambuwal zai fara lissafawa kafin ya biya kuɗin kaya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma tsada ma ba shaida ba ce ga wanda bai san abin da yake saye ba.

Sau biyu ke nan wannan ƙasa na riƙe da sanin dafa gilashi ta sake shi, a Ife da kuma Bida. A Bida, inda tarihin ya fi kusa, an ga yadda abin ke faruwa: ba wanda ya hana, sai dai kowane mataki na sauƙi ya yi ma'ana a ranarsa, har aka wayi gari waɗanda suka san tushen sun ƙare. Rairayin yana nan, kanwar tana nan a kowace kasuwa, Masaga kuma suna nan a unguwarsu, tafiyar yini guda a mota daga Tambuwal. Sassan nazarin sinadarai da na fasahar gilashi a jami'o'in arewa, ciki har da na Ahmadu Bello a Zariya, suna da na'urorin da maƙeran Ife ba su taɓa mafarkinsu ba. Abin da ya rage shi ne masu saye da za su tambayi inda aka yi kaya da abin da aka yi shi da shi, su kuma yarda su biya bambancin. Ɗan koli abin da ake nema yake ɗorawa a faifansa.